Taurari da ruwan damina: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk shekara da zarar bazara ta kama a Maradi, zafi ya yi zafi har mutum ba ya iya kwana a ɗaki, to hirar majalisa guda ce, yaushe ruwa zai sauka, wane tauraro muke ciki, bana damina za ta yi kyau ko a'a. Ni jikan manomi ne, kakana Allah ya jiƙanshi a wani ƙauye yake tsakanin Tibiri da Gidan Rumji kuma shi ke riƙe ma mutanen garin lissafin taurari, ni kuma na yi lakkwal na karanta abin da ya sawwaƙa kan sha'anin yanayi, shi ya sa ake yawan tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai da gaske ne mutanen da suna duba taurari don su san ruwa?

Gaskiya ne ƙwarai, kuma ba Hausawa kaɗai ba. A Babila, ƙasar Iraƙi ta yanzu, an tono alluna na yumɓu wajen 70 da ake kira Enuma Anu Enlil, cike suke da alamu dubbai, in wata ya yi kaza ko tauraro kaza ya fito a wuri kaza to za a yi ruwa ko fari ko hatsi zai yi tsada. Mutanen Misira na da su kuma tauraron Shi'ira suke jira, wanda sunanshi ya zo a Suratun Najmi, in ya fara bayyana da asuba sun san kogin Nilu ya kusa cika ya malala cikin gonaki. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa wani masani a Iskandariyya, Batlamus, ya rubuta littafi guda kan tasirin taurari har da babin iska da ruwa, kuma littafin nan ya daɗe yana yawo hannun Larabawa da Turawa sama da shekara dubu.

Su Haƙ'a da Han'a da muke ji bakin tsofaffi, daga ina suka fito?

Daga Larabawa, malamai ne suka kawo su tare da karatu. Ana ce musu manazilu, wato masaukan wata, guda 28 ne, kowane yana ɗaukar kwana 13 sai guda ɗaya, Jabha, da ake ba 14. Ka lissafa 28 sau 13 ka samu 364, ka ƙara wancan kwana ɗaya ya zama 365, shekarar rana cif. An raba su gida huɗu bakwai bakwai, na bazara, na damina, na kaka, na ɗari. Na damina su ne aka fi riƙewa da ka don su ne abinci, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Kafin su akwai Suraya da Dabaran a ƙarshen bazara, lokacin da kowa ke ɗaga kai yana kallon gabas.

Larabawan jahiliyya suna da abin da suke kira nau'i, jam'inshi anwa'u, shi ne tauraro ya faɗi yamma da asuba wani ya fito gabas, sai su jingina ruwan da aka yi a kwanakin ga wannan tauraro. Ibn Ƙutaiba wanda ya rasu shekara ta 889 ya tattara wannan ilimi a Kitabul Anwa'i, kuma a Ƙurɗuba ta Andalus a 961 an rubuta wata kalanda ta manoma da ta haɗa taurarin nan da lokacin shibka da girbi. Amma a lura, sunayen ne kawai suka zo mana daga can, su ruwansu na ɗari ne mu namu na damina ne, don haka malamanmu da manomanmu su suka zauna suka daidaita lissafin da ƙasarmu.

Kafin zuwan sunayen Larabci Bahaushe ba shi da nashi?

Yana da shi. Suraya mu Kaza da ƴaƴanta muke ce mata, ga Zara matar wata, ga Gamzaki na asuba. Abzinawa maƙwabtanmu suna ce ma Suraya ƴan matan dare. Akwai kuma lissafin watan bakwai wanda har yau a karkara za ka ji tsoho na cewa watan bakwai ya kama a gyara sungumi.

Abin da na gani da idona shi ne, in bazara ta yi nisa Kaza takan ɓace daga sama wajen kwana arba'in, ba a ganinta da magariba ba a ganinta da asuba. To kakana sai ya shiga jira. Bayan sallar asuba ba ya komawa gida, sai ya riƙe hannuna mu hau wata jigawa bayan gari inda babu itace gabanmu, ya tsaya ya dogara sandarshi yana kallon inda rana za ta ɓullo, ni kuma barci nake ji ina tsaye ina gyangyaɗi. Ranar da ya hango ta, ƴan taurari shida ko bakwai a dunƙule ƙasa ƙasa kafin haske ya haɗiye su, sai ya ce alhamdu lillahi ta dawo, ya sauko ya buɗe gafakarshi ya fiddo wata takarda ta ajami da ta sha hannu har ta yi laushi ya sa alama. Daga ranar nan zancenshi ya koma iri, a fiddo tiyoyin hatsin da aka ɓoye a rumbu, a duba waken ko ƙwaro ya shiga. Ban taɓa jin ya ce Kaza za ta kawo ruwa ba, cewa yake lokaci ya yi, saura Allah ya ba mu.

To in ba tauraro ke kawo ruwa ba, mi ya sa lissafin ke dacewa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ruwanmu rana yake bi. In rana ta hauro arewa ta gasa ƙasar Sahel da hamada, sai iska mai laima ta taso daga tekun kudu, wajen Legas da Kwatano, ta riƙa turo busasshiyar iskar arewa baya, inda suka yi karo nan hadari ke haɗuwa. Layin karon nan yana hauro wa a hankali, shi ya sa Kano ke samun ruwa kafin Katsina, Madarunfa kafin Dakoro, kuma shi ya sa tsofaffi ke cewa iska ta juya in sun ji ta fara busowa daga kudu maso yamma da dare. Duk wannan kan shekarar rana yake tafiya mai kwana 365. Su ma taurari fitarsu da ɓacewarsu kan wannan shekarar take, duk tauraron da ya fito da asuba farkon watan Yuni bana to baɗi ma farkon Yuni zai fito. Kenan tauraro agogo ne, agogon masallaci ba shi ke kawo azahar ba amma in ka dube shi ka san ta yi.

Kuma ka tuna manomin da ba shi da kalandar bango, wadda ya sani ita ce ta hijira mai kwana 354, tana gaza shekarar rana da kwana 11 duk shekara. Ku da kanku shaidu ne, a 2013 cikin damina muka yi azumi watan Yuli zuwa Agusta, a 2025 kuwa cikin Maris muka yi shi. Da wannan kalanda ba za ka iya sanin lokacin shibka ba, dole sai da wani ma'auni da ba ya gusawa, shi ne malamai suka samo ma manoma a sama. Ni a ganina wannan basira ce babba, kuma ina jin zafi in na ji yaro ɗan boko yana kiran abin camfi alhali bai ma san mi ake lissafawa ba.

Malam, ba shirka ba ce?

Tambaya ce mai nauyi kuma a tafi ga malamai a ƙara bincike, amma ga abin da ke rubuce. Hadisin Zaidu ɗan Halid Aljuhani yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, a Hudaibiyya aka kwana ana ruwa, bayan sallar asuba Manzon Allah (SAW) ya faɗa ma sahabbai cewa Allah ya ce cikin bayinshi an wayi gari da mai imani da shi da mai kafirce mishi, wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarshi shi ne mai imani da Allah, wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza shi ne ya yi imani da tauraro. Magana a fili take. Saukar da ruwa kuma yana cikin abubuwa biyar da ƙarshen Suratu Luƙman ya keɓe ma Allah.

A ɗaya gefen Alƙur'ani ya ambaci manazilun wata a Suratu Yunus da Yasin, a Yunus har aka ce don ku san ƙidayar shekaru da lissafi, a Suratun Nahli kuma aka ce da taurari suke gane hanya. Shi ya sa malamai suka raba abin biyu, akwai ilimin tafiyar taurari don sanin lokaci da alƙibla da hanya, wannan babu laifi, akwai kuma ƙudurta cewa tauraro na da tasiri shi ke yi shi ke hanawa, wannan shi aka hana. Imamu Shafi'i ya yi wannan bayani, cewa wanda ke nufin an yi ruwa a lokacin tauraro kaza hukuncinshi daban da wanda ke nufin tauraron ne ya saukar. Saboda haka ni abin da nake roƙon ƴan uwa a gyara harshe, maimakon ka ce Zira'a ta ba mu ruwa ka ce Allah ya ba mu ruwa cikin Zira'a.

Mi ya raba wannan da aikin masu duba da ke cewa bana za a yi fari ko ambaliya?

Nisa ne sosai tsakaninsu. Lissafin manazilu lokaci kawai yake faɗa maka kuma kowace shekara iri ɗaya ne. Shi kuwa ɗayan da taurari masu yawo yake aiki, Zuhal, Mushtari, Mirrihu, Zahra, Uɗaridu, da rana da wata, a duba wane ya haɗu da wane a wane burji, wato gidajen taurari da rana ke ratsawa cikin shekara, sannan a yanke cewa wannan shekarar ga abin da zai faru. Sun kasa burji goma sha biyu zuwa na wuta, na ƙasa, na iska, na ruwa, suna da wata ƙa'ida ma da suke kira buɗe ƙofofi wadda in ta auku wai ruwa zai zuba. Manyan masana sun yi wannan aiki, ba ƴan tsibbun bakin kasuwa ba. Alkindi na Bagadaza a ƙarni na 9 ya rubuta wasiƙu kan hasashen ruwa da iska waɗanda aka juya zuwa Latin Turawa suka yi ta karantawa ɗaruruwan shekaru, ga Abu Ma'ashar mutumin Balhu da ya rasu a 886. Mu ma Katsinawa muna da namu, Muhammadu Alkashinawi wanda ya tafi hajji ya zauna Alƙahira ya rasu can a 1741, ya bar littafi kan ɗalasimai da taurari. Iliminsu na lissafin sama gaskiya ne, suna iya faɗa maka ranar da taurari biyu za su haɗu ba kuskure, inda abin ya karye shi ne ɗora ruwa da iska a kan haɗuwar.

Akwai lokacin da suka faɗa abin bai faru ba?

Akwai manya guda biyu da tarihi bai manta ba. A 1186, shekara ta 582 bayan hijira, masu duba daga Farisa har Turai suka haɗu kan cewa taurarin nan bakwai za su taru a burjin Mizani cikin watan Satumba, kuma za a yi guguwar da za ta share garuruwa. Mutane suka yi ta gina ramuka ƙarƙashin ƙasa suna tara ruwa da abinci. Taurari sun taru kamar yadda aka lissafa, iska kuwa ko ganye ba ta kaɗa ba, har masanin tarihi Ibnul Asir ya rubuta cewa manoma sun rasa iskar da za su shiƙe alkama da sha'ir. Duk macen da ta taɓa tsayawa da ƙwarya a masussuka tana jiran iska ta san mi ake nufi.

Na biyu a Turai ne. Wani masani Bajamushe, Yohanas Shitofla, ya fitar da kalanda a 1499 yana nuna taurari za su yi taro a burjin Kifi cikin Fabrairun 1524, da yake burjin ruwa ne sai magana ta bazu cewa ɗufana za a yi irin ta zamanin Annabi Nuhu. An buga ƙananan littattafai sama da ɗari kan zancen, wasu suka bar gidajensu suka hau tudu, wasu suka sa aka ƙera musu jiragen ruwa. Watan ya zo ya wuce ba ɗufana.

Yaushe aka bar wannan hanya?

A hankali aka bar ta, kuma abin mamaki masu son tabbatar da ita su suka taimaka wajen kashe ta. Kepla, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, yana rubuta kalandar hasashe kuma ya yi shekaru yana rubuta yanayin kowace rana don ya gwada da taurari. Wani shugaban makaranta a Landan, Jon Goad, ya yi wajen shekara 30 yana irin wannan rubutu kafin ya fitar da littafinshi a 1686. Da aka saba rubuta ruwa da iska kullum kullum sai aka fara ganin taurari guda ne bisa kan kowa a dare ɗaya amma wani gari na ruwa wani na ƙura. A 1643 Toricelli a Italiya ya ƙirƙiro ma'aunin nauyin iska, daga baya wayar tangaraho ta zo aka iya sanin hadarin da ke wani gari kafin ya iso, a 1861 Robat Fizroi ya fara buga hasashen yanayi na kullum a jarida a Ingila, a 1960 Amurka ta harba tauraron ɗan adam na farko da ya yi nasarar ɗauko hoton gizagizai daga sama.

Babu inda kimiyya ta gaskata manoma kan kallon taurari?

Akwai, kuma labarin na faranta mini rai. A tsaunukan Peru da Bolibiya manoman dankalin turawa suna hawa tudu ƙarshen watan Yuni kafin asuba su kalli wannan Kaza tamu dai, in ta fito tas da haske sun san ruwa zai wadata, in ta fito dishi dishi sai su jinkirta shibka da ƴan makonni. Masu bincike sun bi diddigi suka buga sakamakon a shekarar 2000, ashe a shekarun da tekun Pasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, wani siririn girgije na can sama sosai yana rage hasken taurarin, kuma a shekarun ne ruwa ke ƙaranci a yankinsu. Kenan iskar da ke tsakaninsu da tauraron suke karantawa. Amma kar wani ya ɗauko wannan ya liƙa ma Maradi, mu a watan Yuni ƙura da hazo ke dusashe sama kuma hanyar ruwanmu daban take.

In wata ya yi zobe kewaye da shi ruwa ne?

Zoben daga ƙanƙara ƙanana ne da ke cikin siririn girgije na sama, yana nuna akwai laima a can. Wani lokaci ruwa ya biyo baya wani lokaci shiru. Ni dai na fi amincewa da zuwan shamuwa da juyawar iska.

Tsofaffi na cewa lissafi ya daina dacewa kamar da, taurari ne suka gusa?

Suna gusawa amma kaɗan ƙwarai, wajen kwana ɗaya cikin shekara 70, wato daga zamanin sahabbai zuwa yau kusan kwana 20, a rayuwar mutum guda ba zai ma lura ba. Abin da ke canzawa shi ne ruwan kanshi. Maradi a tsaka tsaki tana samun wajen milimeta 500 a shekara amma ba ta taɓa zama daidai, a 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon gari har aka hauro tudu inda birni yake yanzu, a 1973 da 1984 kuwa fari aka yi wanda iyayenmu ba su son tunawa, kuma a duk shekarun nan Suraya ta fito a kan lokacinta, Haƙ'a ta shiga a kan lokacinta.

Ni kaina na sha wannan. Wata shekara ruwa ya sauka mai kyau daidai shigar taurarin damina, muka fita gida duka har yara, maza na sara da sungumi mata da yara na bin baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, kwana biyu muka gama gona. Hatsi ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke, kwana ashirin ba ɗigo, iska mai rairayi ta zo ta bizne wani ta ƙone saura. Tiya goma sha biyu ta iri ta tafi, sai da muka ci bashi muka sayi wani a kasuwa da tsada muka sake shibka. Kakana a lokacin ya tsufa ba ya zuwa gona, da aka faɗa mishi ya yi shiru can ya ce takardata lokaci ta sani ba ta san rabo ba.

To yanzu wa zan bi, tsofaffi ko ƴan meteyo?

Ka ji duka biyun don ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Lissafin taurari zai faɗa maka ko ruwan da ya sauka ya yi wuri da yawa, da kuma kwana nawa suka rage ma damina in ka makara, wanda shi zai sa ka san ko za ka shibka hatsi mai daɗewa ko ka nemi iri mai saurin nuna ko ka koma ga wake. Ƴan meteyo, wato ma'aikatan hasashen yanayi, su kuma suna auna zafin teku da tafiyar iska, akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma da ruwa a Yamai tun 1974, ga ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ita ma a Yamai, ga ma'aikatar meteyo ta ƙasa, duk shekara kafin damina suna fitar da hasashen ko ruwa zai zo da wuri ko a makare, ko za a samu dogon tsaiko bayan shibka, kuma ana faɗa a radiyo da Hausa. Su ma ba su cewa tabbas, yiwuwa suke faɗa, kuma hasashensu na yanki ne babba ba na gonarka kai kaɗai ba, na kwana biyu zuwa uku shi ya fi dacewa.

Masana aikin gona na Sahel suna da ma'aunin da suke kira farkon damina na gaskiya, a samu milimeta 20 cikin kwana uku sannan kar a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko kana iya aunawa in garinku akwai ma'aunin ruwa, in babu ka tona rami da hannu a gona bayan ruwa ya ɗauke ka ga inda laima ta tsaya, in ba ta kai taƙi ɗaya ba ka dakata. Rabi na biyu shi ne ake sauraron radiyo dominshi. Kuma in ruwan farko ya zo tun taurarin bazara ba su ƙare ba, kar ka zuba irinka duka, ka shibka rabin gona ka ɗaure bakin buhun sauran ka mai da shi rumbu.